Albishirin da Aka Fara Yi wa Makiyaya

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Hunturu ya shigo Katsina, teloli sun daina barci saboda ɗinkin anko, zumuntar mata kuma na ta gwajin waƙa da kiɗan tulu. Amma akwai gidajen da bana ko kaza ba za a yanka ba. To su fa, ba su da rabo a murnar Kirsimeti ke nan?

Mu buɗe Luka 2:10. Mala'ika ya ce kada a ji tsoro, ya zo da albishir na farin ciki mai yawa, wanda zai zama na dukan mutane. Wa ya faɗa wa? Makiyaya, masu kwana a fili wajen Baitalami suna gadin tumaki. Ku tuna makiyayin da kuke wucewa a hanyar Daura da asuba, ya ƙudundune cikin bargo a bakin wuta, ƙafa duk faso. Irinsa aka fara yi wa bushara, fadar Sarki Hirudus ba ta ma san ana yi ba.

A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar farin ciki da kalmar alheri tushensu ɗaya. Shi ya sa Kirista ke ɗaukar wannan murna a matsayin kyauta daga Allah: an haifi Mai Ceto, wato Yesu Almasihu, Allah ya zo ya zauna tare da mutane.

Ga wurin da ya fi taɓa mini zuciya. Kwana 40 bayan haihuwar Yesu, Maryamu da Yusufu sun kai jaririn Haikali a Urushalima, hadayarsu kuwa tsuntsaye biyu ce, kurciyoyi ko 'yan tattabaru. Littafin Firistoci 12:8 ya ce wannan ita ce hadayar matar da ba ta da halin ɗan rago. Talakawa ne ke nan. A nan tsoho Siman ya rungumi yaron yana yabon Allah, da bakin nan kuma ya gaya wa Maryamu cewa takobi zai soki zuciyarta. Murnar ba ta ɓoye baƙin cikin da ke tafe ba. Manzo Bulus ma daga kurkuku ya rubuta wa masu bi na birnin Filibi cewa su yi farin ciki cikin Ubangiji kullum.

Makiyayan fa? Luka 2:20 ta ce sun koma. Daren bai canja ba, tumakin na nan suna jiransu, amma da yabo a bakinsu suka kama hanya.