Faffaɗan ofis a Landan da kujerun da babu kowa a kansu

Assalamu alaikum jama'a masu kallo. Yau ina unguwar King's Cross a birnin Landan, kuma dogon ginin da kuke hange a bayana ofishin kamfanin Google ne, wanda aka shafe shekaru ana aikinsa. Tsawonsa a kwance ya kai mita 330, wato da za a miƙar da shi tsaye da ya zarce Shard, benen da ya fi kowane tsayi a Ingila. A tsarin ginin akwai lambu a kan rufi, da hanyar sassarfa, da wurin ninƙaya. Gaskiya ginin ya ƙayatar da ni, ba zan ɓoye muku ba.

Sai dai a watan Janairun 2023, ana tsaka da wannan aiki, kamfanin ya ba da sanarwar sallamar ma'aikata 12,000 a faɗin duniya. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na wuce ta nan nakan tambayi kaina: wa ake faɗaɗa wa wuri, alhali ana rage masu zama?

Abin da ya fi buɗe mini ido ya faru ne ba nisa da nan, kusa da Regent's Park. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya kama hayar wani bene da ake kira 1 Triton Square, amma bai taɓa tarewa a cikinsa ba. Bayan ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, ya kuma sanar da rage wasu 10,000 a Maris na 2023, sai a watan Satumban 2023 ya biya masu ginin, wato British Land, fam miliyan 149 domin kawai a sake shi daga yarjejeniyar hayar. Ku lura da bambancin nan da kyau. Ma'aikaci ana iya sallamarsa da wasiƙa ɗaya da albashin 'yan watanni, amma bene yana ɗaure kamfani da yarjejeniyar shekaru masu yawa, don haka idan kasuwa ta juya, wanda ya fi sauƙin rabuwa da shi ake fara taɓawa.

Masu kare irin waɗannan gine-gine suna da hujja, domin sukan ce haske da sarari da iska suna jawo ƙwararru, kuma tun bayan annobar korona sai da wuri mai daɗi ake shawo kan mutum ya baro gidansa. Na yarda da rabin maganar. A kamfanin da nake aiki, wanda ba zan ambaci sunansa ba, an gyara mana hawa guda da kujeru masu laushi da ɗakunan taro na gilashi, bayan 'yan watanni kuma aka rage abokan aikinmu. Yanzu ranar Juma'a, idan na dawo daga masallaci, nakan tarar da wurin shiru, fitilu a kunne, na'urar ɗumama ɗaki tana aiki, teburin wanda ya koya mini aiki kuma an ɗora masa tukunyar fure.

Bari in juya muku kyamara ku ga ƙarshen ginin, can wajen magudanar ruwan Regent's Canal.