Wai yaran TikTok sun kashe Turanci?

Jama'a masu sauraro, tun watan Agustan 2025 da ƙamus ɗin Cambridge ya shigar da "skibidi" da "delulu", kalmomin da matasa ke yayi a intanet (ta biyun na nufin mai yaudarar kansa), wasu 'yan boko suke ta kumfar baki, wai Turanci ya lalace, wai yaran TikTok sun gama da shi. Haba dai!

Masu ƙamus fa ba ƙirƙirar kalma suke ba, bakin mutane suke bi. Kalma ta yawaita a bakin jama'a sai a rubuta ta, shi ke nan. A 2013 Oxford ta zaɓi "selfie" a matsayin kalmar shekara aka yi ta gunaguni, yau ga shi a gidan biki har gwaggo da inna za ka ji suna cewa a zo a yi selfi, kowa na miƙa wuya yana gyara ɗankwali don ya fito a waya. A 2023 "rizz" ce ta ci, wato iya zancen da ke sace zuciyar wanda kake so, wani matashi ɗan Amurka mai suna Kai Cenat ne ya yaɗa ta a Twitch, wani dandalin bidiyo na kai tsaye a intanet. A 2024 kuma "brain rot", dakushewar ƙwaƙwalwa saboda yawan kallon shirme a waya, ita ma ba sabuwa ba ce, tun 1854 aka rubuta ta, intanet ce kawai ta tono ta.

Masu cewa ƙamus ya zubar da girmansa, to me suke so ya yi, ya toshe kunne? Turancin jarrabawar WAEC yana nan daram, ba wanda ya ce a sa skibidi a takardar neman aiki.

Abin da ya fi ba ni haushi, cikin masu kukan nan har da namu na gida. A Janairun 2020 da Oxford ta ɗauki "Kannywood" da "okada" da "danfo" ai murna aka yi ta yi, daga baya "suya" da "japa" suka bi sahu. Ta wace ƙofa suka shiga? Ta bakin mutane dai, ƙofar da rizz ta bi ke nan.

Ko skibidi za ta kai shekara goma, nan kam ina shakka, don ba ta da tsayayyar ma'ana, yau mai kyau gobe mara kyau jibi ba komai. In ma ta ɓace, yaran da suka kawo ta ne za su gaji da ita su kama wata.