Ƙanƙarar Sahara Ba Hujjar Naɗe Hannu Ba Ce

Jama'a masu sauraro, akwai wata magana da ta ishe ni. Da an ambaci sauyin yanayi, sai wani ya kada baki ya ce ai dama haka duniya ta gada, har ya kafa hujja da cewa Sahara ma ta taɓa kwana ƙarƙashin ƙanƙara.

To, ba ƙarya ya yi ba. A tudun Jado, arewa maso gabashin Nijar, can saman kwarin Tafkin Chadi, akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu masu dogayen layuka a jere, kamar an bi su da garma. Ƙanƙara ce mai kaurin gaske ta ja jiki ta kankare su, kimanin shekaru miliyan 445 da suka wuce, lokacin da yankin yake kusa da ƙuryar kudancin duniya.

Amma me ya sa mai hujjar ba ya ƙarasa zancen? A wancan sanyi ne kusan kashi 85 cikin ɗari na nau'o'in halittun teku suka ƙare. Yanayi ya sauya, ƙwarai, kuma ya yi ɓarna!

Sai batun lokaci, wanda nan ne gizo ke saƙar. Tudun yashin da ya ratsa Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓar tafki ce, tun sa'ad da Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000. Shaidar wancan ruwa, kwale-kwalen Dufuna a jihar Yobe, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, ya kai shekaru 8,000. Ruwan nan bai janye dare ɗaya ba. Ƙarni bayan ƙarni ya yi ta ja da baya, mutane suna binsa da dabbobinsu.

Yau fa? Iskar kabon mai ɗumama duniya a sararin sama ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420 a ƙasa da shekaru 300, alhali ƙanƙarar Antatika ta nuna cewa a tsawon shekaru 800,000 ba ta wuce 300 ba. Haba jama'a! Ina manomin Gashuwa zai bi ruwa yanzu, ga iyakokin ƙasashe, ga gonaki ko'ina da masu su?

Duk wanda zai sake kawo mana zancen ƙanƙarar Sahara, ya faɗi shekarun da sauyin ya ɗauka, ya kuma faɗi abin da ya hallaka.