Idan ruwa ya taru a huhun wanda ya hau tsauni

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ma'aikatan lafiya na nan Gwaram, na san za ku ce ina ruwanmu da ciwon tsauni, alhali mu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muke. Gaskiya ne, domin cutar ba ta cika kama mutum ba sai ya haura mita 2,500, kuma ko Chappal Waddi na Taraba, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Amma 'ya'yanmu suna fita ƙasashe masu tsaunuka karatu da aikin soja, kuma wata rana ku za a bugo wa waya.

Abubuwa uku zan faɗa. Na farko, yadda take faruwa. A can sama iskar oksijin tana ƙaranci, sai jijiyoyin jinin huhu su matse, ruwa ya tsattsafo cikin huhun, kamar yadda tiyon ban ruwa yake yoyo a fadama idan aka take shi alhali injin yana aiki. Yawanci a kwana na 2 zuwa na 4 take bayyana: haki ko da mutum yana zaune, tari busasshe, daga baya kaki mai kumfa da jini-jini, leɓe ya yi shuɗi.

Na biyu, kuma ku rubuta wannan: a sauko da maras lafiyan daga tsaunin. Ko cikin dare ne, a sauko da shi, kada a ce a bari gari ya waye, domin da dare ciwon ya fi tsananta. A yi ƙasa da shi kamar mita 1,000, ko har sai numfashinsa ya daidaita, ko da yake mita 300 ma tana kawo sauƙi. Kada a bar shi ya taka da ƙafarsa, saboda wahala tana ƙara matse jijiyoyin, haka ma sanyi. A ɗauke shi a kan alfadari ko gadon ɗaukar marasa lafiya, a jingine, a lulluɓe, kuma kada ya tafi shi kaɗai. Hajiya, na ga kina duban takardar magunguna. Saukowar nan ita ce maganin.

Sai oksijin, idan akwai, har ma'aunin oksijin da ake maƙalawa a yatsa ya wuce kashi 90 cikin ɗari. Idan babu shi kuma hanya ta toshe, a ba da nifedifin mai narkewa a hankali, miligiram 30 duk awa 12, ko a sa shi cikin jakar Gamow da ake hura wa iska. Kada a ba da Lasix, maganin sa fitsari, domin yawancinsu jikinsu ya riga ya bushe.

Na'am, Malam? Yana tambaya ko wannan ne hakin da alhazai suke yi a Arfa. A'a, Malam. Makka ba ta ma kai Kano tudu ba. Alhajin da yake haki a can, a fara duba zafin rana, da zuciyarsa, da ciwon ƙirji, a kai shi asibitin tanti nan take.