A Ƙarƙashin Majami'ar Milan: Agustin da Batun Zunubin Gado

Jama'a masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Yau ina magana da ku ne daga ƙarƙashin ƙasa a birnin Milan na Italiya, saboda haka ku yi haƙuri da ƙarancin haske da yadda na sassauta murya. A samanmu akwai filin da ke gaban majami'ar Duomo, wadda aka fara gininta a shekarar 1386, amma abin da na sauko in nuna muku ya girme ta da kusan shekara dubu. Ku dubi wannan babban kwami mai kusurwa takwas, wanda bakinsa ya zaizaye saboda daɗewa. Masana tarihi sun ce a cikinsa ne Bishop Amburos ya yi wa wani malamin balaga ɗan Arewacin Afirka baftisma a daren Ista na shekarar 387, shi da ɗansa da wani amininsa. Sunan malamin Agustin, an haife shi a 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, kuma bayan manzanni da wuya a sami wanda ya fi shi tasiri a kan yadda Kiristocin Yamma suke fahimtar ɗan Adam da zunubinsa.

Mutane da yawa, da zarar sun ji kalmar zunubin gado, wato zunubin da Kiristoci suke cewa 'yan Adam sun gada daga Adamu, sai su ɗauka cewa Kirista yana kallon ɗan Adam a matsayin mugun abu tun daga tushensa. Ni a ganina wannan fara karatu ne daga tsakiyar littafi. Littafin Farawa ya buɗe ne da cewa Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, namiji da mace, ya kuma dubi abin da ya yi ya ga yana da kyau ƙwarai. Sai a sura ta uku ne aka zo ga saɓon Adamu da Hawwa'u. Agustin kansa ya shafe kusan shekara tara cikin ɗariƙar Mani, wadda take koyar da cewa mugunta wani iko ne mai zaman kansa da ke kokawa da haske, kuma da ya bar ta sai ya tsaya a kan cewa mugunta ba halitta ba ce, rashi ce. Kamar ɓula ce a jikin riga: ba masaƙi ne ya saƙa ta ba, ba kuma za a same ta ba sai inda akwai rigar da ta ɓata.

To, yaya girman ɓular yake? A nan ne ya ba da labarin da nake so mu daɗe a kansa. Ya ce yana ɗan shekara goma sha shida, shi da abokansa suka shiga gonar wani maƙwabci da dare suka kakkaɓe 'ya'yan itace masu yawa. Ba yunwa suke ji ba, a gidansu ma akwai waɗanda suka fi su daɗi, kuma da suka kwaso sai suka watsa wa aladu. Wani zai ce ƙuruciya ce kawai, dattijo mai hankali bai kamata ya ɓata tawada a kanta ba. Amma abin da ya tsaya masa a rai shi ne, ɓarawon da yunwa ta kora yana da dalili, shi kuwa ya laluba bai sami komai ba sai jin daɗin aikata abin da aka hana, da kuma kunyar kada abokai su ce ya ji tsoro. Ya ga wannan ya yi daidai da kukan Manzo Bulus a sura ta bakwai ta wasiƙarsa ga Romawa, inda yake cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun abin da yake ƙi shi yake aikatawa. Ma'anar zunubin gado ke nan a wurinsa: matsalar ba ta rashin sani ba ce, nufin mutum ne kansa ya karkace, kuma kowa da karkacewar ake haihuwarsa.

Ba kowa ne ya yarda ba. Wani mai tsantseni daga Birtaniya, Felajiyus, ya ga yadda Kiristocin Roma suke fakewa da raunin ɗan Adam suna sheƙe ayarsu, sai ya ce Allah ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba, kuma Adamu mugun misali kawai ya bar mana. Gaskiya ina jin tausayin damuwarsa, domin uzurin cewa ai mu 'yan Adam ne ya rufe ɓarna mai yawa. Duk da haka majalisar bishop-bishop ta Kartaj ta yi watsi da koyarwarsa a 418, bisa hujjar cewa in mutum yana iya gyara kansa da kansa, to mutuwar Almasihu a kan gicciye ta zama ba dole ba.

A nan ne batun mutum ya haɗu da batun Allah. Kirista ya gaskata cewa wanda ya faɗa rijiya ba ya fitar da kansa ta hanyar jan gashin kansa, sai wani ya sauko masa, kuma wannan saukowar ita ake kira alheri. Shi ya sa majalisar bishop-bishop ta Kalsidon ta 451 ta nace cewa Yesu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, domin a fahimtarsu mutum ne ya yi saɓon, Allah ne kaɗai yake da ikon warkar da shi. Na san masu kallona Musulmi suna da wata fahimta dabam, cewa Adamu ya tuba an karɓi tubansa kuma babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. Na kawo wannan ne domin kowa ya ga ainihin inda hanyoyin biyu suka rabu.

Su kansu Kiristoci ba bakinsu ɗaya ba. Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas suna cewa mutuwa da rauni muka gada daga Adamu, ba alhakin laifinsa ba, kuma wani ɓangare na saɓanin ya samo asali ne daga fassara, domin Agustin bai ƙware a Girkanci ba, fassarar Latin da yake karantawa kuwa ta juya Romawa 5:12 kamar dukan mutane sun yi zunubi a cikin Adamu. Luta da Kalbin, jagororin Furotesta, sun tsananta batun fiye da haka, majalisar Tirent ta Katolika kuma ta amsa a 1546 cewa baftisma tana share zunubin gado, sai dai sha'awar saɓo tana saura. Inda ni na kasa bin Agustin shi ne hukuncinsa cewa jaririn da ya mutu ba baftisma ba zai sami ceto ba. A 2007 wani kwamitin malaman tauhidi na Fadar Paparoma ya fitar da takarda yana cewa akwai ƙwararan dalilan sa zuciya ga ceton irin waɗannan jarirai.

Kafin in hau sama, ku sake duban kusurwoyin nan takwas. Kiristocin farko suna lissafa kwana bakwai na halitta, sannan su kira ranar tashin Almasihu daga matattu rana ta takwas, wato mafarin sabuwar halitta. Wanda za a yi wa baftisma yakan sauka cikin ruwan kamar mai shiga kabari, ya fito kamar wanda aka sake haifa. Agustin ya koma Afirka, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau, ya rasu a can a 430. Ƙasusuwansa kuwa sun dawo Italiya ta tsibirin Sardiniya, suna wata majami'a a birnin Fabiya, kudu da nan kaɗan, kuma gobe da safe in Allah ya kai mu can zan shiga jirgin ƙasa in kai ku.