Hawan Tsauni Daga Bauchi da Gombe: Mota, Keke da Ƙafa

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Garin Bauchi yana zaune ne a kan tudun da ya kai wajen mita 600 daga saman teku, Gombe kuwa ba ta kai haka ba. Jos ta haura mita 1,200. Tsaunin Mambila a jihar Taraba yana wajen mita 1,600, sannan ƙololuwar Chappal Waddi, wadda babu inda ya fi ta bisa a Najeriya, mita 2,419 ce. Duk wanda ya taso daga wajenmu ya nufi ɗaya daga cikin waɗannan wurare, hawa zai yi, kuma duk abin da ya hau sai ya gangaro shi. A wannan gangarowar ne mafi yawan matsala take, don haka a kanta za mu fi daɗewa.

Hanyoyin da suka fi kusa da mu sanannu ne. Daga Bauchi akwai titin Jos, wanda ke bi ta Zaranda da Nabordo, ya ratsa duwatsun Panshanu a ƙasar Toro, ya fita Tilden Fulani. Daga Gombe akwai titin Billiri da Kaltungo, inda Dutsen Tangale yake tsaye a gefen hanya, daga nan a karkata a hau Tula, garin da ke kan tsauni, mai tsohon gidan yarin zamanin Turawa. Wanda ke son babban hawa kuwa sai ya bi ta Numan, Jalingo, Bali, Serti, ya isa Mayo Selbe. Daga nan ne titin yake fara nannaɗe jikin dutse, kwana bayan kwana, har Maisamari da Nguroje da gonakin shayin Kakara, kafin Gembu. Wanda bai taɓa tuƙi a kan dutse ba, ya fara da Panshanu ko Tula. Kada ya fara da Mayo Selbe.

To, mota. Iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, shi kuma inji iska yake shaƙa. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke ƙara tura masa iska, yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000 da aka hau. Idan ka ji motarka ta yi sanyi a hawan Mambila, ba lalacewa ta yi ba. Kada ka danne totur a babbar giya kana jiran ta farfaɗo. Sauko giya ta biyu tun kafin hawan ya yi tsanani, ka bar injin yana juyawa da walwala. Ɗaga ƙafarka gaba ɗaya daga kan kuloci, domin riƙe mota a tsakiyar hawa da rabin kuloci shi ke ƙona faifansa, kuma warin ƙaurin da za ka ji shi ne shaidarka.

Idonka ya riƙa komawa kan allurar zafi. Idan ta fara hawa, kashe na'urar sanyaya mota, ka kunna hita har ƙarshe, ka sauke gilasai. Hita tana janye zafi daga ruwan inji. Idan allurar ta ci gaba da tafiya, nemi fili ka tsaya. Kada ka buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, ruwan a matse yake, zai yi tsartuwa ya sale maka fuska da hannu. Ka ba shi aƙalla rabin awa. Murfin nan ma abin dubawa ne tun a gida: a saman Mambila ruwa yana tafasa a wajen digiri 95 maimakon 100, kuma matsin da murfin yake riƙewa shi ke hana ruwan inji tafasa da wuri. Murfin da robarsa ta mutu ba ya nuna aibinsa a titin Darazo, sai an hau dutse.

Yanzu sai batun gangara. Birki ba ya ɓatar da gudun mota, mayar da shi zafi yake yi. Mota mai nauyin kilo 1,500, da mutane da kaya, idan ta sauko mita 1,000 kuma birki kaɗai ya riƙe ta, zafin da zai taru ya isa ya tafasa ruwa kusan jarka biyu masu lita 25. Duk wannan zafin a faifan birki huɗu da fad ɗin da ke matse su zai sauka. Idan ya yi yawa, abu biyu ke faruwa. Fad ya yi sulɓi, ka taka birki ka ji shi da tauri amma motar ba ta rage gudu. Ko kuma man birki ya tafasa, kumfa ta shiga bututu, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa. Na biyun ya fi muni, kuma tsohon mai ne ke jawo shi. Man birki yana tsotsar laima daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. DOT 4 daga 230 yake saukowa zuwa 155. Shi ya sa ake juye shi duk shekara biyu, ba ƙari kawai ake yi a kan tsohon ba. Ka ce wa bakanikenka ya zubar da shi duka, ya zuba sabo, ya fitar da iska a tayoyi huɗun.

Maganin zafin birki shi ne a bar inji ya riƙe mota. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Sa ta tun kana sama, kafin motar ta ɗauki gudu. Mai otomatik ya mayar da sandar kan 2 ko L. Injin zai yi ƙara, wannan ba laifi ba ne, aikinsa yake yi. Idan gudu ya ƙaru, taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci har ya ragu sosai, sannan ka sake shi gaba ɗaya ya sha iska. Ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa shi ne yake dafa shi.

Akwai ɗabi'ar da muke roƙon direbobinmu su bari, don Allah: sa mota a firi ko kashe inji a gangara wai don tsimin mai. A firi babu abin da ke riƙe motar sai birki. Idan kuma aka kashe inji, abin da ke taimaka wa birki da sitiyari ya tsaya, bayan taku biyu ko uku birkin zai yi tauri, a wasu motocin ma sitiyari yana kullewa. Man da aka tsimta bai kai kofi ba, rayukan da ke cikin motar kuwa amana ce.

Idan birki ya fara ba ka alama, ko wari, ko laushi, tsaya a wuri na farko da ya samu. Bar motar a giya, karkata tayoyin gaba zuwa jikin dutse, ka sa dutse a ƙarƙashin taya. Kada ka watsa wa faifan ruwa, yana iya lanƙwashewa. Idan kuma birkin ya shanye kana cikin tafiya, taka shi da sauri sau da yawa, sauko giya ɗaya bayan ɗaya, ja hambirki a hankali kana danne da maɓallinsa, ka goga gefen motar a jikin tudu idan babu makawa.

A kwanar da ba ka ganin gabanta, rage gudu kafin ka shiga, tsaya a hannunka, ka danna oda. Inda hanya ta matse, mai gangarowa ne ke ba mai hawa hanya, domin babbar mota mai kaya idan ta tsaya a tsakiyar hawa tashinta wuya ne. Kada ka manne wa bayan tirela a hawa, tana iya ja da baya. A hazon safiya na Mambila ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar tana dawo maka da hasken a ido. Sha mai a Jalingo ko Bali, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar, kuma kada magariba ta riske ka a kan dutse.

Mai keke, lissafinsa ɗaya ne da na mota, sai dai shi ne injin. Hawan da ake cewa kashi 10 cikin 100, wato a kowace mita 100 ka ɗaga mita 10, keken da ba shi da giya ba zai hau shi ba, turawa za a yi, kuma babu kunya a ciki. Kafin gangara duba robar birki da wayarsa. Yi amfani da birki biyun tare, ka ja jikinka baya a kan sirdi, ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Birkin da ke matse wili yana zafafa shi har tubu ya fashe, saboda haka a doguwar gangara ka riƙa tsayawa kana taɓa wilin.

Mai tafiya a ƙafa ya ƙiyasta awa ɗaya ga kowane kilomita 5, ya ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa, ban da hutu. Ruwa lita 3 ga yini ba ya yin yawa. Zafi yana raguwa da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000, don haka wanda ya bar Gombe da 'yar shara zai kwana yana rawar ɗari a Nguroje. Ciwon da ƙarancin iska ke kawowa yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa, abin da ya fi kayar da mutane a tsaunukanmu shi ne ƙishirwa da sanyi da santsin dutse. Chappal Waddi tana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, ba a shiga sai da izinin hukumar gandun da ke Serti da ɗan jagora.

A duwatsun Kaltungo da Tula, a kiyayi kububuwa. A sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando, kada a cusa hannu a ramin dutse. Idan ta sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo ba tare da ɓata lokaci ba.

Lokacin tafiya kuwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi. Ruwa ya ɗauke ko yana ɗaukewa, ciyawa tana nan shar, ƙurar hunturu ba ta rufe nesa ba tukuna. A Disamba da Janairu hanya a bushe take amma hazo yana ɓoye kwaruruka. A Agusta da Satumba kuwa ƙasa tana zaftarowa kan titin Mambila, wanda ba dole ta kai shi ba ya jira.