Meiningen, garin da ke raino wa Berlin jagororin kiɗa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa.

Duk lokacin da aljihun hukuma ya yi zafi a Jamus, akwai wata magana da ke tasowa, kuma gaskiya ta ishe ni. Wai ƙungiyoyin makaɗa na ƙananan garuruwa sun yi yawa, wai a haɗe su ko a rufe, a tara kuɗin a bai wa manyan gidajen kiɗa na Berlin da Munich da Dresden, tunda su ne duniya ta sani. Maganar kuma ba ta tsaya a fatar baki ba. A 1992 Jamus na da irin waɗannan ƙungiyoyi 168 da hukuma ke ɗaukar nauyinsu, aka yi ta rufewa ana haɗewa har suka dawo 129, akasarin waɗanda suka ɓace kuwa a gabashin ƙasar suke. To yau gari ɗaya tak zan kai ku, ku yi hukunci da kanku.

Sunansa Meiningen, a kudancin jihar Thuringia, mutanensa wajen dubu 25. Ƙungiyar makaɗansa ta samo asali a 1690, lokacin da sarkin yankin Bernhard na Ɗaya ya tara wa fadarsa mabusa da masu goge da mawaƙa. Daga 1711 Johann Ludwig Bach, ɗan uwan shahararren marubucin kiɗa Johann Sebastian Bach, shi ya jagorance su. Har yau ƙungiyar na nan, tana kiɗan simfoni a dandali, wato dogon kiɗa na taron makaɗa, tana kuma sauka ramin gaban dandali ta yi wa mawaƙan opera rakiya, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa.

Inda labarin ya yi daɗi shi ne 1880, da sarki Georg na Biyu ya ɗauko Hans von Bülow ya jagoranci makaɗan. Mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe, ya tarar da makaɗa da ba su kai hamsin ba. Me ya yi da su? Bita. Ya ware masu goge daban, mabusa daban, kowane rukuni ya maimaita nasa har ya zauna, sannan a haɗu. Ya sa suna kiɗa a tsaye, wani lokaci ma da ka, babu takarda a gabansu. A watan Disamban shekarar ya sa aka kaɗa simfoni ta tara ta Beethoven sau biyu a zama ɗaya, don wanda bai gane a karon farko ba ya gane a na biyu. Daga nan ya kwashe su zuwa yawo a biranen Turai, har Berlin da Vienna, manyan birane suka zauna suna kallon yadda ƴan ƙaramin gari ke aikin da nasu makaɗan ba su saba yi ba. A 1887 kuwa wa ƙungiyar Berlin Philharmonic ta ɗauka ya zama jagoranta? Bülow ɗin nan dai. A Meiningen ya gwada dabarunsa, Berlin ta karɓi abin da ya nuna.

Ba shi kaɗai ba. A 1884 Bülow ya miƙa wa wani saurayi ɗan shekara 20 sandar jagoranci a Munich, ya ce ya ja makaɗan Meiningen su kaɗa abin da ya rubuta, ba tare da ko bita ɗaya ba, alhali yaron bai taɓa tsayawa gaban ƙungiya a bainar jama'a ba. Wannan yaro shi ne Richard Strauss, wanda daga baya ya zama shahararren marubucin kiɗa. Shekara na zagayowa ya koma Meiningen a matsayin mataimaki, da Bülow ya ajiye aiki ya riƙe ragamar na ƴan watanni. Don Allah, wane babban gida ne zai ba ɗan shekara 21 irin wannan dama? A ranar 25 ga Oktoban 1885 kuma, a wannan ƙaramin gari aka fara kaɗa simfoni ta huɗu ta babban marubucin kiɗa Johannes Brahms, shi da kansa yana riƙe da sanda.

Amma ni wanda ya fi taɓa zuciyata ko sanda bai riƙe ba, a cikin sahun makaɗa yake zaune. Richard Mühlfeld ya shiga ƙungiyar a 1873 a matsayin mai goge, daga baya ya koma busa kilarinet, abin da ya koya wa kansa. A 1891 Brahms ya riga ya nuna ya gaji, yana shirin ajiye alƙalami. Ya zo Meiningen ya ji busar Mühlfeld, ya zauna yana saurarensa, sai ga shi ya koma teburin rubutu. Kiɗe-kiɗen kilarinet da ya rubuta daga nan, har da wanda makaɗa biyar ke yi tare, suna cikin abin da masu busa ke alfahari da shi a duniya har gobe. Mühlfeld bai bar Meiningen ba har rasuwarsa a 1907. Da wani mai lissafi ya rufe ƙungiyar nan shekara goma kafin zuwan Brahms, wa zai ma san an yi asara?

Bayan Strauss, Fritz Steinbach ya riƙe ta daga 1886 zuwa 1903, Max Reger kuma daga 1911 zuwa 1914. Gidan wasan garin ya ƙone a 1908, aka sake gina shi aka buɗe a 1909. Sarauta ta rushe a 1918, aka sha yaƙin duniya na biyu, aka shiga mulkin kwaminisanci na Jamus ta Gabas aka fita, makaɗan suna nan.

Na san abin da za a ce: ai wannan tsohon labari ne, zamanin sarakuna ya wuce. To mu zo na jiya-jiya. A 1999 Meiningen ta naɗa wani matashi ɗan shekara 27, haifaffen Omsk ta Rasha, wanda kusan ba wanda ya san sunansa. A 2001 ya jagoranci jerin opera huɗu na Wagner da ake kira Ring, kiɗa da waƙa na kusan sa'o'i 15, a dare huɗu a jere, aikin da manyan gidaje ma ke sa hutu a tsakaninsa. Sunansa Kirill Petrenko. Daga can ya tafi gidan opera na Komische Oper a Berlin, ya tafi Munich, a 2015 makaɗan Berlin Philharmonic suka zaɓe shi, tun 2019 shi ne shugabansu. Sau biyu ke nan, tsakaninsu sama da shekara ɗari, kujera mafi daraja a kiɗan Jamus ta faɗa hannun wanda ya bi ta Meiningen. Sau biyu! Har yanzu wani zai kalle ni ya ce ƙaramin gari ɓarnar kuɗi ne?

Dalilin a bayyane yake. A ƙaramin gida, jagora na yin opera yau, gobe simfoni, jibi kiɗan yara ƴan makaranta, da makaɗa iri ɗaya, wata da watanni. Yana kuskure ya gyara ba tare da jaridun duniya sun yi masa ca ba. Babban gida kuwa gwani yake saye, ba ya da lokacin koyar da kowa. Wanda ke son ya rufe ƙanana ya bar manya tamkar mai lambu ne da ya tone wurin rainon dashe don ya ƙara wa manyan mangwaro ruwa.

Ban ce babu matsalar kuɗi ba. Tikiti ba ya biyan albashin makaɗa, kuma ƙaramar hukumar da ke fama da gyaran makarantu da hanyoyi tana da hakkin ta yi tambaya. Haka nan ba kowane ƙaramin gida ne ya fitar da Strauss ba, zan yarda da wannan. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce haɗewa ba ta rage komai. A Thuringia ɗin kanta, ƙungiyar Suhl an haɗe ta da ta Gotha a 1998, daga baya Suhl ta janye, aka wayi gari ba ta da tata. A 2017 aka sake haɗe ta Gotha da ta Eisenach, garin da aka haifi Johann Sebastian Bach. Duk inda biyu suka zama ɗaya, kujerar jagora ɗaya ta tafi, guraben makaɗa sun ragu, kuma malamin da ke koya wa yaran gari goge da yamma sau da yawa shi ne makaɗin da ba a maye gurbinsa ba bayan ya yi ritaya.

Tun 2023 wani matashi ɗan ƙasar Ireland, Killian Farrell, ke riƙe da sandar a Meiningen. Masu kasafin kuɗi a Erfurt, babban birnin jihar, su bar shi ya yi aikinsa da cikakkiyar ƙungiya, kada a rage masa ko mai busa ɗaya.